Alƙali ɗaya, dokoki uku: halin da softball ke ciki a Amurka

Tun da aka sanar cewa wasan softball zai dawo gasar Olamfik ta 2028, na ɗauki ɗabi'ar kallonsa a intanet. Wasa ne ɗan'uwan baseball da aka ƙirƙira a Cikago a 1887. Sai dai ba 'yan wasan ne suka ɗauke mini hankali ba, alƙalan ne.

A Amurka, alƙali ɗaya kan yi aiki ƙarƙashin iyayen gida uku: USA Softball, wadda aka kafa a 1933 da sunan ASA, da NFHS mai tsara dokokin makarantun sakandare, da NCAA ta jami'o'i. Kowace da littafinta.

Mu ɗauki yankin da dole ƙwallo ta ratsa kafin a ƙirga jifa mai kyau. Biyun farko sun ce daga hammatar mai bugu zuwa saman gwiwarta. NCAA kuwa ta sauke iyakar sama zuwa gindin ƙashin ƙirji. Tazarar kaɗan ce a ido, amma yarinyar da ta shekara huɗu tana cin wasa da jifa ta sama, ranar da ta shiga jami'a sai ta tarar jifar ta zama kuskure. Shi ma alƙalin da ya yi wasan sakandare ranar Juma'a, na jami'a ranar Asabar, dole idonsa ya kwana da ma'auni guda, ya tashi da wani.

Hatta wurin tsayuwa akwai saɓani. USA Softball ta daɗe tana koyar da cewa idan ƙwallo ta tafi can bayan fili, alƙalin tasha ya kutsa ciki ya juyo yana fuskantar mai gudu. Tsarin jami'o'i ya fi ba shi damar zama a waje muddin yana ganin komai. A nan na fi karkata ga jami'o'i, domin amfanin tsayuwa shi ne gani.

Abin da ya fi damuna shi ne tantancewa. NFHS ta bar wa jihohi rajista da auna alƙalai, a jami'o'i kuwa jami'an rukunin gasa ne ke raba wasanni. Motsin da mai tantancewa na wannan ɓangare zai yaba, shi na wancan zai rage wa maki, kuma da irin wannan makin ake zaɓen wanda zai tsaya a filin Oklahoma ranar wasan ƙarshe.