Matan Gwange da Makomar Agajin Ƙasashen Waje

MAIDUGURI — A daren 10 ga watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye unguwar Gwange da wasu sassan Maiduguri, irin ambaliyar da rabon da birnin ya gani tun 1994. Kimanin mutum 400,000 ne suka rasa matsuguni. Ga mata masu sana'a kuwa asarar ta zama biyu, domin ɗakin da mace take kwana shi ne masana'antarta, shi ne kuma rumbun ajiyarta. Keken ɗinki da zaren hula da buhun gyaɗa da itacen turaren wuta duk tare suka tafi.

Wannan lamari ya sake tayar da tsohuwar tambaya: wane irin tallafi ne yake ɗaga mace ta tsaya da ƙafafunta?

Batun ba sabo ba ne a Nijeriya. A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1994 kuma Hajiya Maryam Abacha ta fito da shirin tallafa wa iyali. Bayan taron mata na duniya da aka yi a birnin Beijin a 1995, ƙasashe masu ba da agaji suka riƙa sanya sha'anin mata cikin sharuɗɗansu, har Kanada ta mayar da shi ginshiƙin manufarta ta agaji a 2017.

Rikicin Boko Haram ne ya karkato da kuɗaɗen zuwa Borno. A taron birnin Oslo na watan Fabrairun 2017 an yi alkawarin dala miliyan 672 domin Nijeriya da yankin Tafkin Chadi. Sai dai akasarin irin wannan kuɗi na ceton rai ne, wato abinci da magani da matsuguni. A nan Gwange ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe asibitin yara. Aiki ne mai muhimmanci, amma ba jari ba ne.

Ta fuskar jari da ilimi, Bankin Duniya ya fi kowa zuba kuɗi, kuma rance ne da ƙasa za ta biya. A 2018 ya amince da dala miliyan 100 domin kafa ƙungiyoyin mata masu tara kuɗi suna ranta wa juna a jihohi shida, waɗanda Borno ba ta cikinsu, kana ya ƙara dala miliyan 500 a 2023 domin faɗaɗa shirin. Shirin AGILE na karatun 'yan mata kuwa, wanda aka fara a 2020 da dala miliyan 500, ya haɗa da Borno tun farko.

Abubuwa uku ne suke rage albarkar tallafin sana'a. Na farko hauhawar farashi: a watan Disamban 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana naira 100,000 ba ta sayen fiye da abin da naira 74,000 ta saya shekara guda kafin nan. Na biyu, idan aka koya wa mata da yawa sana'a iri ɗaya a unguwa ɗaya, kamar haɗa sabulu, masu sayarwa sukan fi masu saye, riba ta faɗi. Na uku rashin kariya: dukiyar ba ta banki, ba ta da inshora. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 da ambaliyar da ta biyo baya sun nuna yadda dare ɗaya kan cinye wahalar shekaru.

Bugu da ƙari, rijiyar da ake ɗiba ta fara ƙafewa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin waje, aka kuma rufe hukumar USAID a watan Yuli. Birtaniya ta bayyana cewa za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa.

Abin da ya rage a hannun matan shi ne abin da suka gada: adashi da gwaninta. Hular Borno da humra da turaren wuta suna da masu saye a Kano da Abuja da Njamena. A nan ne 'yan kasuwa suke da rawar takawa. Dillalin da ya ba mace zare da kuɗin somin-taɓi, ya kuma yi alkawarin sayen hular a kan farashin da aka yanke, ya samar mata da abin da horon mako biyu ba ya samarwa, wato tabbataccen mai saye. Kazalika bankin da ya karɓi littafin adashi a matsayin shaidar riƙon amana ya sami abokan hulɗa da suka saba biya a kan lokaci. In har ba a ɗinke wannan giɓi ba, ranar da mai ba da agaji ya naɗe tabarmarsa, sana'ar ma za ta bi shi.