Ziyara Zuwa Kufan Kahaba

Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama, suka gina gidaje, suka ci kasuwa, daga baya suka tashi suka bar shi. Idan gida ɗaya ne ya lalace, rufinsa ya faɗi, sai bango kawai ya rage, Hausawa suna kiransa kango. Idan kuwa gari ne ɗungum ya watse, sai su ce ya zama kufai. A ƙasar Amurka akwai irin waɗannan wurare da yawa. Mutanen can suna yi musu laƙabi da garin fatalwa, domin baƙo yana ganin titi da rijiya da maƙabarta, amma ba ya jin motsin mazauna. A wannan darasi za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato Kahaba, wanda Turawa suke rubuta sunansa Cahawba. Za mu nemi amsar tambayoyi biyu. Me yake kashe gari? Me ya sa ake wahalar adana garin da ya riga ya mutu?

Inda garin yake

Kahaba yana cikin Jihar Alabama, a kudu maso gabashin Amurka, kimanin kilomita 20 daga birnin Selma. An kafa shi a mahaɗar koguna biyu. Kogin Kahaba ya gangaro daga arewa, ya zuba cikin Kogin Alabama. Shi kuma Kogin Alabama ya nufi kudu, ruwansa yana ƙarewa a teku kusa da birnin Mobile. A zamanin da babu mota, babu jirgin ƙasa, kogi shi ne babbar hanya. Duk wanda ya zauna a mahaɗar koguna biyu, tamkar ya zauna ne a mararrabar hanyoyi.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar sun gane amfanin wurin. Kimanin shekara 500 da suka wuce sun yi ƙauye a nan, suka kewaye shi da shingen itatuwa da kuma gwalalo. Har yanzu mai lura zai iya ganin alamar gwalalon a ƙasa.

Tashi na farko da faɗuwa ta farko

Alabama ta zama jiha a shekarar 1819. Gwamnanta na farko, William Wyatt Bibb, shi ne ya tsaya a kan a gina fadar gwamnati a Kahaba. Aka share daji, aka fitar da tituna miƙaƙƙu, aka ba wasu daga cikinsu sunayen itatuwa. Aka gina zauren majalisar dokoki da jan bulo, bene mai hawa ɗaya. Daga shekarar 1820 gwamnati ta tare a garin. Lauyoyi da 'yan kasuwa da masu masauki suka biyo ta. A shekarar 1825 garin ya karɓi babban baƙo, Janar Lafayette na Faransa, wanda ya taimaki Amurkawa a yaƙinsu na neman 'yanci.

Amma kogin da ya kawo arziki ya zo da matsala. Garin yana cikin kwari, saboda haka idan ruwa ya yi yawa yakan haura gaɓa. Ga sauro, ga zazzaɓi. Wasu 'yan majalisa, waɗanda dama suke son a kai fadar kusa da yankunansu, suka riƙi maganar ambaliya da ciwo a matsayin hujja. A shekarar 1826 aka mayar da fadar gwamnati Tuscaloosa. Mutane da yawa suka kwashe kayansu suka bi gwamnati.

Zamanin auduga

Garin bai mutu a wannan karo ba, domin abubuwa biyu sun riƙe shi. Na farko, ya ci gaba da zama hedikwatar Gundumar Dallas, don haka kotu tana nan, masu shari'a suna zuwa. Na biyu kuwa auduga ce. Ƙasar yankin baƙa ce mai albarka, auduga tana yi sosai. Daga gonaki ake kawo dilolin auduga Kahaba, a loda su a jiragen ruwa masu tafiya da tururi, a kai su Mobile. Daga can kuma sai masaƙun Ingila da na arewacin Amurka. A shekarar 1859 layin dogo ya iso garin, ciniki ya ƙara haɓaka. Attajirai suka gina manyan gidaje masu ginshiƙai. Wajen shekarar 1860 mazauna garin sun kai tsakanin 2,000 da 3,000.

Wajibi ne mu tambayi wanda ya yi wannan aiki. Fiye da rabin mutanen garin bayi ne baƙar fata, jikokin waɗanda aka kamo daga Afirka. Su ne suka noma audugar, suka tsince ta, suka ɗauki diloli zuwa bakin kogi. Su ne suka buga bulo, suka ɗora gini. Ba a biyan su lada, kuma ana iya sayar da uwa dabam, ɗanta dabam. Arzikin Kahaba a kan guminsu ya tsaya.

Yaƙi da ambaliya

A shekarar 1861 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin jihohin arewa da na kudu, kuma batun bauta ne tushen rigimar. Alabama tana ɓangaren kudu. Gwamnatin kudu ta ƙwace layin dogon Kahaba, ta ciro ƙarafansa ta kai wani wuri inda take ganin ya fi mata amfani. Wani babban siton auduga da ke bakin kogi kuma aka mayar da shi kurkukun sojojin arewa da aka kama. A farkon shekarar 1865 fursunoni fiye da 3,000 ne a cunkushe a cikinsa. A wannan lokaci ne aka yi wata gagarumar ambaliya. Ruwa ya shiga gari, ya shiga kurkukun, fursunoni suka yi kwanaki a tsaye cikin ruwan sanyi.

Yaƙi ya ƙare a shekarar 1865, aka haramta bauta. A shekarar 1866 aka mayar da hedikwatar gunduma Selma. To, a nan ne garin ya karye. Babu gwamnati, babu kotu, babu jirgin ƙasa, kuma babu bayin da za a tilasta wa noma. Masu hali suka tashi. Wasu har gidajensu suka kwance, suka kwashi bulo da katako suka sake ginawa a Selma.

Duk da haka ba kowa ne ya tafi ba. Iyalan bayin da aka 'yanta sun zauna. Suka mayar da filayen gidaje gonaki, suka buɗe makaranta, suka riƙa taruwa a tsohuwar kotu suna tattauna 'yancinsu na siyasa. Amma su ma a hankali suka ragu. Kafin shekarar 1900 yawancin gine-ginen sun ƙone, ko sun rushe, ko an kwashe su.

Abin da baƙo zai gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A yau wurin yana hannun Hukumar Tarihi ta Jihar Alabama, kuma an buɗe shi ga masu ziyara. Baƙo yana farawa daga ofishin karɓar baƙi, inda zai sami taswirar garin. Daga nan zai bi tsofaffin titunan a ƙafa ko a keke ko a mota. Titunan suna nan da sunayensu, amma itatuwa ne a jere inda dā gidaje suke.

Kusa da ofishin akwai cocin St. Luke, ginin katako na shekarar 1854. Labarinsa abin mamaki ne. A shekarar 1878 an kwance shi an kai shi wani ƙauye mai suna Martin's Station, inda daga baya baƙaƙen fata suka daɗe suna ibada a ciki. Tsakanin 2006 da 2008 ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Auburn suka sake kwance shi, katako bayan katako, suka dawo da shi Kahaba. Sun kafa shi a kan tudu domin kada ambaliya ta same shi.

A can kusa da mahaɗar kogunan akwai dogayen ginshiƙai na jan bulo, tsaye su kaɗai a fili. Su ne suka rage daga gidan iyalin Crocheron, wanda aka gina a shekarar 1843, daga baya gobara ta cinye shi. A wani ɓangaren kuma akwai benen bulo na shekarar 1860, inda bayin wani attajiri mai suna Barker suke kwana. Babban gidan maigidan ya ƙone a shekarar 1935, amma na bayin yana nan.

Baƙo zai kuma ga rijiyoyin da ruwansu yake ɓuɓɓugowa da kansa, ba guga, ba inji. Ga yadda abin yake. Ruwan sama yana nutsewa a ƙasa a wani yanki mai tudu, ya gangara ta cikin yashi tsakanin shimfiɗun dutse biyu da ba sa yoyo. Nauyin ruwan da ke bisa yana matsa wanda ke ƙasa. Da zarar an huda dutsen a cikin kwari, sai ruwan ya taso. Wani attajiri mai suna Perine ya bi da irin wannan ruwa ta cikin bututu domin ya sanyaya gidansa. Gidan ya tafi, rijiyar tana zuba har yau.

Daga ƙarshe akwai maƙabartu. A ta masu arziki akwai duwatsu masu ɗauke da sunaye da shekaru. A ta baƙaƙen fata kuwa duwatsun kaɗan ne, yawancin kaburburan sai lotsawar ƙasa ce take nuna su. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya koya wa ɗalibi yadda aka zauna a garin.

Yadda ake adana kufai

Masu kula da Kahaba ba su yi niyyar sake gina garin ba. Aikinsu shi ne su kare abin da ya rage. Suna yanke ciyawa domin kada daji ya shafe tituna. Suna tallafe bangon da ya tsage. Suna kafa allunan bayani masu ɗauke da tsofaffin hotuna, domin baƙo ya kwatanta jiya da yau. Masu binciken kayan tarihi suna tona ƙasa a hankali, suna rubuta inda aka sami kowane abu. Har tsire-tsire suna ba da shaida, domin furannin da matan gida suka shuka a dā suna fitowa kowace shekara, suna nuna inda tsakar gida take.

Saboda haka akwai doka ga mai ziyara: ka duba, ka ɗauki hoto, amma kada ka ɗauki ko da gutsuren bulo ko fasasshen tangaran. Abin da aka ɗauke daga inda yake ya rasa labarinsa, kamar shafin da aka yage daga littafi.

Yanzu za mu iya amsa tambayoyinmu. Gari yana rayuwa ne muddin mutane suna da dalilin zama a cikinsa. Kahaba ya sami dalilai huɗu: fadar gwamnati, kotu, cinikin auduga da layin dogo. Ambaliya ta raunana shi, amma janyewar waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya ce ta kashe shi. Ana adana shi kuwa domin ƙasa tana riƙe da abin da takarda ta manta. Littattafai sun rubuta sunayen gwamnoni da attajirai. Bulo da kaburbura suna tuna mana da dubban mutanen da suka yi aikin, ba a rubuta sunayensu ba.

Ma'anar kalmomi

Kufai: wurin da gari ya tashi.
Kango: gidan da ya lalace, babu kowa a ciki.
Mahaɗa: inda abubuwa biyu suka haɗu.
Gwalalo: dogon rami da ake haƙawa a kewaye gari domin tsaro.
Ambaliya: cikar ruwa har ya malala kan tudu.
Dila: babban ƙunshin kaya da aka ɗaure tamau.
Sito: ɗakin ajiye kayan ciniki.
Ginshiƙi: dogon gini ko itace da yake tallafe rufi.
Ɓuɓɓugowa: fitowar ruwa daga ƙasa da kansa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kango da kufai?
2. Me ya sa mahaɗar koguna take jawo mutane?
3. A wace shekara aka ɗauke fadar gwamnati daga Kahaba, kuma ina aka kai ta?
4. Su wane ne suka yi aikin da ya kawo arzikin auduga?
5. Bayyana yadda ruwan rijiyar Perine yake tasowa ba tare da inji ba.
6. Don me aka hana baƙo ɗaukar gutsuren bulo?

Aiki

Tambayi wani dattijo a garinku ko akwai kufai ko tsohuwar kasuwa da ta tashi a yankinku. Rubuta jimloli goma da Hausa a kan dalilin da ya sa mutane suka bar wurin.