Ɗalibin da ya bar ƙwaya: ina zai samu mataimaka lokacin jarrabawa da hutu?

A ƙasarmu watannin Yuni da Yuli su ne lokacin manyan jarrabawa. Ƴan kolej suna zaman brebe, ƴan lise suna zaman bakaloreya. Da an gama sai dogon hutu ya shigo tare da damana. Waɗannan watanni suna da nauyi ga kowane ɗalibi, amma sun fi nauyi ga yaron da ya taɓa faɗawa shan ƙwaya, ya kuma ɗaura niyyar bari. Yau za mu duba inda irin wannan yaro zai samu masu riƙe masa hannu.

Abin da ƙwaya take yi wa jiki

Ƙwayar da ta fi yawo a hannun samarinmu ita ce taramadol, wadda aka fi sani da tramol. Asalinta maganin ciwo ce, an fara sayar da ita a Jamus a 1977. Wadda likita yake bayarwa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce miligiram 400 a yini. Amma wadda masu talla suke sayarwa a tire takan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Mai shan uku ya riga ya wuce iyaka. Yawanta yana kawo farfaɗiya, yana kuma rage numfashi har mutum ya mutu.

Akwai kuma wiwi, da ƙwayar barci, da gam na liƙin taya da yara suke shaƙa, da maganin tari mai kodin. Saboda ɓarnar wannan maganin tari ne Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

In jiki ya saba da tramol, ranar da aka hana shi sai ya yi bore: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da baƙin rai. Wannan wahala takan lafa cikin wajen mako guda. Amma sha'awar ƙwaya takan daɗe a zuciya wata da watanni. Shi ya sa muke cewa shaye-shaye ciwo ne mai neman magani da jinya. Zagi ba ya warkar da shi.

Me ya sa jarrabawa da hutu suke da haɗari?

Lokacin jarrabawa ɗalibai sukan kwana suna bita a ƙarƙashin fitilar titi ko a fada wajen shan shayi. Tsoron faɗuwa ya cika zuciya. Nan ne wani zai ce: "Sha guda ɗaya, barci zai gudu." Gaskiya ne barci yakan gudu, amma karatu ma yakan bi shi. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ajiye abin da aka koya da rana. Wanda bai yi barci ba zai shiga ɗakin jarrabawa da kai fanko.

Hutu kuma nasa haɗarin daban ne. Yaro ya rabu da malamansa da abokan da suke ƙarfafa shi. Ya koma gari wajen tsofaffin abokan sha. Ga noma ya kama, ga masu cewa ƙwaya tana sa mutum ya yini duƙe da hauya bai gaji ba. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi. Gajiyar kawai take ɓoyewa, jiki kuwa yana ta cin kansa.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba. In ya koma ya sha kamar dā, abin yana iya kashe shi.

Mece ce ƙungiyar taimakon juna?

Taro ne na mutanen da ciwo ɗaya ya haɗa su. Suna zama su gaya wa juna gaskiya, su ƙarfafa juna. Wannan dabara ta soma a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya giya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa hira tsakaninsu tana hana su komawa ga kwalba. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous a Kalifoniya domin masu shan ƙwaya. Yau ƙungiyoyin biyu sun bazu a ƙasashe da yawa.

Dokokinsu masu sauƙi ne. Ba a biyan kuɗin shiga. Sharaɗi ɗaya ne: mutum ya kasance yana son bari. Abin da aka faɗa a taro ba ya fita waje. Ba a ɗora wa kai alkawarin shekara, ana cewa ne yau ɗaya ba zan sha ba, gobe kuma a sake. Sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama jagoransa, wanda zai nema in sha'awa ta taso ko da tsakar dare.

Inda za a fara nema

Na farko, gidan likita mafi kusa. A gaya wa malamin asibiti gaskiya: wace ƙwaya, guda nawa a yini, tun yaushe. Aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. Shi zai duba ko za a rage ƙwayar sannu a hankali. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya saba da giya ko ƙwayar barci, in ya bari rana ɗaya ba tare da likita ba, yana iya suma da farfaɗiya. In abin ya yi tsanani, za a tura yaro babban asibiti. A Yamai, babban asibitin ƙasa yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. A tambayi likitocin ko sun san taron masu bari a garin.

Na biyu, makaranta. A samu malami ɗaya da yaro ya yarda da shi, a sanar da shi tun kafin jarrabawa ta matso.

Na uku, ƙungiyoyin matasa da masu yaƙi da shaye-shaye. Ranar 26 ga Yuni ita ce ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 1987. A ranar akan yi taruka da shirye-shiryen rediyo. A saurara, a rubuta sunayen masu magana da inda ake samunsu.

In ba a samu ba, a kafa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mutum biyu sun isa fara ƙungiya. A tsai da rana ɗaya a mako da wuri ɗaya: aji bayan an tashi, ko zauren wani dattijo mai riƙon amana. Taron kada ya wuce awa guda. Kowa ya yi magana kan kansa, ba a katse shi, ba a yi masa dariya. Ba a shigo da ƙwaya wurin. Wanda ya zame ya sha ba a kore shi, a ce masa ya dawo. Idan yara ne ƙanana, wani babba ko malamin asibiti ya zauna kusa. Ƴan mata su yi nasu taro tare da mace babba.

Kafin a tafi hutu, kowa ya rubuta lambar wayar mutum uku, a sa ranar da za a riƙa kiran juna. Kowa ya san gidan likitan da ya fi kusa da ƙauyensu.

Kira ga iyaye

In ɗanku ya faɗa muku damuwarsa, kada ku tona masa asiri, kada ku ɗaure shi da mari. Duka da kora suna mai da yaro hannun masu sayarwa. Ku rage masa aikin gona gwargwadon ƙarfinsa, ya huta da tsakar rana, ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa. Kada ku ce masa in ya faɗi jarrabawa ya kunyata gida. Jarrabawa ana sake ta baɗi.

In kuka tarar da yaro yana farfaɗiya ko ya ƙi farkawa, ku kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa. Kada ku sa masa kome a baki, ko ruwa ko nono. Ku ɗauki takardar ƙwayar da ya sha, ku gaggauta kai shi likita.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a, ya kawo mana damana mai albarka.