Takardar da ta ce lafiya lau

Mu ɗauki wani dattijo mai sayar da gero da dawa a kasuwar hatsi ta Dawanau. Wata da watanni yana fama da zafin ciki, loma uku ya ƙoshi, riga ta yi masa yawa, bayan gidansa ya koma baƙi. An sha maganin olsa har an gaji. Ɗansa ya kai jininsa wani ɗakin gwaji a cikin gari, aka duba alamomin ciwon daji biyu, CEA da CA 19-9. Na farko bai kai 5 ba, wato iyakar lafiya. Na biyu, wanda sai ya haura 37 ake tayar da hankali, kusan sifili ya nuna.

"Baba, ba daji ba ne," in ji ɗan. Maƙwabta kuwa suka ce tunda asibiti bai gani ba, sammu ne.

Rama dai ba ta tsaya ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano likita ya zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta baki, ya tsinko ɗan nama daga bangon tumbi. Sakamako ya fito: daji ne, ya kuma yi nisa. To me ya sa jini ya yi shiru?

Bakin zaren yana asalin gwaje-gwajen. Phil Gold da Samuel Freedman sun gano CEA a Kanada a 1965, ayarin Hilary Koprowski ya gano CA 19-9 a Amurka a 1979, dukansu daga dajin babban hanji. A dajin tumbi, marasa lafiya da yawa ba sa nuna ƙaruwar ko ɗaya, musamman da fari. Suna kuma tashi ba tare da daji ba: sigari na ɗaga CEA, toshewar hanyar matsarmama na ɗaga CA 19-9.

Wannan ya bayyana shirun CEA a jinin dattijon. CA 19-9 ne abin lura, don jikin mai lafiya ma yakan fitar da ɗan kaɗan. Ina na dattijon ya tafi? Ban da A da B da O, akwai rukunin jini da ake kira Lewis, kuma da sinadarinsa jiki ke haɗa CA 19-9. Wanda bai gaji wannan sinadari ba, ko daji ya cika masa ciki, da wuya gwajin ya motsa. Cikin Turawa kamar 6 cikin 100 ne haka, cikin baƙar fata kusan mutum ɗaya cikin biyar. Abin yana damuna ƙwarai, ganin yadda muke riƙe takardar gwaji kamar hukuncin alƙali.

Amfanin waɗannan alamomi yana zuwa ne bayan an tabbatar da ciwon. In sun yi sama kafin tiyata, galibi dajin ya tsallaka zuwa kaluluwa ko hanta ko tantanin ciki, damar warkewa ta ragu. In sun sauka bayan tiyata suka sake hawa, likita zai nemi inda ya dawo. Ga wannan dattijo sai a ajiye CA 19-9 gefe, a bi shi da hoton CT da CEA, da wata alamar daji, CA 72-4, in ta samu. 'Ya'yansa kuma a gwada su ko suna ɗauke da ƙwayar Helicobacter pylori, wadda tun 1994 aka sa ta cikin masu haddasa dajin tumbi, kuma maganin mako biyu kan kashe ta.