Yaro mai rawar kai: abin da ɓerayen bincike suka nuna

A Matamaye, kamar ko'ina cikin jihar Damagaram, yaron da ya kasa zama wuri ɗaya a lakwal ko makarantar allo, bulala ce rabonsa. Sai a ce gagararre ne. To amma binciken masana a kan ɓeraye ya nuna cewa wani lokaci tushen matsalar yana cikin ƙwaƙwalwa.

Akwai wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana taimakawa wajen tsai da hankali da sarrafa motsi. A shekarar 1976, a jami'ar Yale ta Amurka, likita Bennett Shaywitz ya rage shi a ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye. Suka taso da rawar kai, koyo yana yi masu wuya. A 1996 kuma, a jami'ar Duke, Bruno Giros da Marc Caron suka samar da ɓerayen da dofamin ke taruwa masu fiye da kima. Su ma ba su san hutu ba. Ke nan lamarin kamar gishirin miya ne, ƙarancinsa illa, yawansa illa. A 1999 aka gano maganin Ritalin yana lafar da irin waɗannan ɓeraye.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma ba kowace ƙiriniya ce cuta ba. Amma iyaye, idan shiriritar yaro ta daɗe, a gida da aji, ku kai shi wurin likita kafin ku fid da shi daga lakwal. Kada ku sayo masa ƙwaya a teburin kasuwa.