Otofaji

Otofaji hanya ce da ƙwayar halitta ke bi wajen narkar da sassanta da suka tsufa ko suka lalace, domin ta sake amfani da sinadaran da ke cikinsu. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarta "cin kai". Christian de Duve ne ya raɗa sunan a shekarar 1963. A shekarar 2016 Yoshinori Ohsumi, ɗan ƙasar Japan, ya samu lambar yabo ta Nobel saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin a cikin yis.

Yadda ake sarrafa shi

Ƙwayar halitta tana kunna otofaji ko ta dakatar da shi ta hanyar liƙa wasu sinadarai a jikin furotin bayan an gama ƙera shi.

Fosfet: Idan abinci ya wadata, mTORC1 yana liƙa fosfet a jikin furotin ULK1, sai aikin ya tsaya. Idan kuzari ya yi ƙasa, AMPK yana liƙa fosfet a wasu gurabe daban na ULK1, sai aikin ya fara.

Kitse: Ana haɗa furotin LC3 da wani nau'in kitse, wanda ke manna shi da fatar jakar da ke tattara shara zuwa lisosom, inda ake narkar da ita.

Ubikwitin: Wannan ƙaramin furotin alama ce da ake sanya wa abin da za a zubar. PINK1 da Parkin su ne ke sanya ta a kan mitokondiriya da ta lalace.

Alaƙa da cuta

Tawaya a ƙwayoyin gadon PINK1 ko Parkin tana haddasa nau'in cutar Parkinson da ke kama mutum tun da ƙuruciya.