Jan Kunne Ga Masu Ƙananan Injuna a Ƙasar Zuru

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, har kuɗin lita ya ninka wajen sau uku cikin 'yan kwanaki, wata ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin masu janareta da babura da injunan markaɗe na ƙasar Zuru, wadda masu yin ta suke ɗauka tsimi ce, alhali kuwa almubazzaranci ne tsantsa. Mutum ba shi da halin cika tanki, saboda haka sai ya riƙa sayen kwalba ko rabin kwalba a hannun 'yan bumburutu, ya tuttula ba mazurari ba tacewa. In inji ya fara shaƙewa kuma, maimakon a binciki sababi, sai a zare matacin mai a jefar, wai shi ne ya tare hanya. Wannan zare mataci shi ya sa na ɗauki alƙalami, gama ya zama ruwan dare daga Rikoto har Rafin Zuru, wanda ya bi ta Dabai ko ya leƙa Ribah ma zai tarar da shi a can.

Na ga wani saurayi mai shagon aski, wanda ƙaramin janaretansa, irin mai tankin lita 4 da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ya riƙa tashi yana mutuwa, ga mutum zaune da rabin kai a aske. Ya ja igiya har gumi ya keto masa, ya kwance fulogi ya goga a wando ya mayar, sa'an nan ya ɗauko sukudireba ya shiga murɗa sukurun kafireta dama da hagu, ba tare da ya kula da inda ya same shi ba. Da abin ya faskara aka kirawo wani dattijon makaniki, wanda bai ko dubi kafiretar ba. Ya zare tiyo daga ƙarƙashin tanki, ya tara farar kwalba, ya buɗe famfon mai. Sai ga abu yana saukowa ɗis-ɗis, jaja-jaja, da ya ɗan natsa kuwa ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, ɓarɓashin tsatsa na yawo a cikinsa. Dattijon ya leƙa bakin tankin ya ce, "Ɗana, ina rariyar da ke nan?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba, na cire ta, ɓata mini lokaci take in ina zuba mai." Ya ce, "To madalla, ai ga lokacin nan ka samu."

Ba sai na tsawaita bayani a kan yadda inji ke shan mai ba, domin duk mai babur ya san fetur yana gangarowa ne da nauyin kansa daga tanki, ya bi famfo da tiyo ya taru a kwanon kafireta, daga nan iska ta zuƙe shi ta wata 'yar ƙofa da makanikai ke kira jet. Abin da ake gafala da shi shi ne ƙanƙantar ƙofar nan, wadda da ƙyar tsinin allura zai shige ta, har ƙwayar rairayi guda ta isa ta tsai da injin da iyali suka dogara a kansa. Ruwa kuma ya fi fetur nauyi, don haka can ƙasa yake kwanciya, daidai inda famfo ke jan mai. Tankin ƙarfe da kullum yake kusan wofi kuwa yana tara raɓa a bangonsa, balle a nan kudancin Kabi, inda damina ta fi ta Argungu da Birnin Kabi tsawo da laima. Ɗan kabu-kabun da ya mai da tafiya a kan rizab al'adarsa ya sani daga wannan gurɓataccen gindi yake shayar da babur ɗinsa.

Cutar ta fi tsanani a injin da ake gauraya wa baƙin mai, domin a cikin fetur ɗin maiƙonsa yake tafiya, idan hanya ta tsuke mai ya ragu, la budda maiƙo ya ragu tare da shi, inji ya ɗau zafi, fistin ya kama. Wanda ya ga janaretansa ba ya tsayawa sai an bar cok a rabi, ya sani galibi jet ce ta fara toshewa, kada ya yi murna wai ya gano dabara. Ma'aunin da aka saba rubutawa a jikin irin wannan inji shi ne kashi 50 na fetur ga kashi 1 na baƙin mai, watau mililita 20 a kowace lita. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota kuwa, da duk dauɗarsa da garin ƙarfensa, ban san abin da zan ce da su ba, illa dai Allah ya shirye su.

A Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar wasu 'yan motocin wasa da ake tuƙa su daga nesa da na'urar rediyo, injinsu bai kai dunƙulen hannu ba, man da suke sha kuwa haɗi ne na sinadarin metanol da nitirometan da maiƙo, wani lokaci har da man zurma. Ba su da famfon tura mai, sai wani siririn tiyo da ke ɗebo hucin salansa ya matsa man daga tanki zuwa kafireta, ta yadda huda ɗaya a jikin tiyo, ko murfin da bai zauna daidai ba, ya isa ya kashe motar. Ƙa'idar da gwanayensu ke koya wa sabon shiga ita ce a duba tiyo ko akwai kumfar iska, a duba mataci da murfi, kafin a taɓa allurar kafireta, in za a taɓa ta ma, kaɗan-kaɗan ana lura. Kuma suna juye ragowar mai bayan wasa, saboda metanol yana jan laima daga iska. To, idan wannan ne ihtimamin mutum a kan abin wasa, ina hujjar wanda ya yi sakaci da abin neman halaliyarsa?

Adalci ne a faɗi cewa wani lokaci daga sama ɓarnar take zuwa, kamar yadda ya auku a Fabrairun 2022, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, injuna suka lalace, layukan mai suka miƙe a Ikko da Abuja. Amma galibin dauɗar da ke cikin tankunanmu hannuwanmu ne suka zuba ta, daga jarkar da ta kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu, ko gorar ruwan da ba ta gama bushewa ba. Malaman fiƙihu ba su yanke hukunci sai sun tabbatar da illa. Haka ya wajaba a bi mai daga tanki zuwa ƙasa daki-daki, bayan inji ya huce, nesa da ashana da murhu. A fara buɗe murfin tanki: in inji ya farfaɗo, 'yar kafar shan iskar murfin ce ta toshe, kamar yadda yakan faru ga masu ɗaure bakin tanki da leda. A zare tiyo a ga ko mai na kwarara sosai, ba da baki za a zuƙa ba, domin fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu sai asibiti. A kwance 'yar kusar da ke gindin kwanon kafireta a zubar da ruwan da ya taru. Jet kuma a wanke ta da fetur mai tsabta a hura mata iska. Wanda ya sakace ta da allura ko waya ya faɗaɗa ta ke nan har abada, inji ya koma zuƙar mai yana baƙin hayaƙi.

Mataci dai, in ya toshe, aikinsa ya yi, gama ba don shi ba, abin da ya tare da yanzu yana cikin kafireta. Rariyar bakin tanki wankewa ake yi a mayar. 'Yar filtar roba da ke tsakiyar tiyo kuwa, in ta yi duhu, sabuwa ake sawa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, a kuma kula da kibiyar da ke jikinta ta fuskanci kafireta. Wanda rariyarsa ta riga ta ɓace ya tace mansa ta mazurari da farin ƙyalle mai tsabta, ya bar kurɓin ƙarshe a gindin kwalba. Akwai kuma yaran makanikai, ba duka ba, da in aka kawo musu babur mai shaƙewa sai su cire filtar su haɗe tiyo kai tsaye, babur ya tashi nan take, a yaba musu, bayan mako kaɗan ya dawo da kafireta cike da laka. Iyayen gidansu su tsawata musu. Mai babur kuma kada ya miƙa kuɗin gyara sai ya sunkuya ya ga filtarsa tana nan a mazauninta.